Tirela ɗaya, direba biyu: Wa zai biya kuɗin barcin direban Kano zuwa Legas?

Tirela ba ta shiga lungunan Mandawari, amma rayuwar gidaje da yawa a unguwar tana rataye da ita. Akwai ɗan kasuwar da ke jiran kayansa daga tashar jiragen ruwa ta Apapa. Akwai wanda ya zuba jarinsa a kwandunan tumatir ya tura Legas. Akwai kuma matar da mijinta ke riƙe da sitiyari, wadda ba ta samun natsuwa sai ya kira ya ce ya wuce Jebba lafiya.

Dukkansu abu ɗaya ya haɗa su: idon mutum guda, wanda ake so ya kasance a buɗe tun daga Kano har bakin teku.

A Amurka da ƙasashen Turai an daɗe da sanin tsarin sanya direba biyu a babbar mota ɗaya, wannan na tuƙi wancan na hutawa. Tsarin zai yi amfani ƙwarai a hanyar Kano zuwa Legas, musamman ga kayan gwari da dabbobi. Sai dai yana da sharuɗɗa, kuma idan aka yi watsi da su zai iya zama wata sabuwar hanyar tatsar direbobi.

Lissafin hanya

Daga Kano zuwa Legas ta Kaduna, Birnin Gwari, Tegina, Mokwa, Jebba, Ilori da Ibadan, tafiyar ta kai kimanin kilomita 1,000. Wanda ya bi ta Abuja da Lokoja ya ƙara nisa a kan haka.

Ƙa'idar hanya ta Najeriya ta kayyade wa tirela da tanka gudun kilomita 50 a awa ɗaya a kan babbar hanya, 60 kuma a kan tagwayen hanyoyi na gudu. Direban da ya bi doka ke nan yana buƙatar awa 17 zuwa 20 na tuƙi zalla. Ba a saka tsayawar sallah da cin abinci ba, ba a saka shingayen jami'an tsaro da na masu karɓar haraji ba, balle ramuka, cunkoso ko fashewar taya.

Babu ɗan Adam da zai yi wannan tuƙin a zama ɗaya hankalinsa na jikinsa. Wani bincike da aka wallafa a 1997 daga Ostireliya ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, kuzarinsa na lura da hanya da saurin ɗaukar mataki yana raguwa kamar na wanda ya sha barasa har ta kai matakin da ƙasashe da yawa suka hana tuƙi da shi. Masana barci kuma sun tabbatar da cewa jiki ya fi yin sanyi tsakanin ƙarfe 2 na dare zuwa asuba, daidai lokacin da tirelolin Arewa suka fi cika hanya.

Kanawa ba su manta da ranar 31 ga Mayun 2025 ba, lokacin da motar da ta ɗauko tawagar 'yan wasan jihar daga gasar wasanni ta ƙasa a Jihar Ogun ta faɗa gada a hanyar Zariya zuwa Kano, sama da mutum 20 suka rasu, saura ƙiris su iso gida. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta ambaci gajiya da gudu bayan doguwar tafiyar dare a cikin abubuwan da take zargi. Waccan bas ce, amma hanyar ɗaya ce, jikin direba kuma ɗaya ne ko me yake ja.

Direba na biyun da ba a faɗa

Duk wanda ya san harkar manyan motoci ya san cewa akwai direba na biyu tun tuni, sunansa yaron mota. Shi ke ɗaure tamfol, ya sa wa taya waigi, ya duba ruwa da baƙin mai, ya kwana gadin kaya. Idan dare ya raba, idon maigida ya fara nauyi, abin da aka saba ji shi ne: “Oga, ka ɗan kishingiɗa in riƙe maka.”

Ta wannan hanya akasarin direbobin tirela suka koyi sana'ar, kuma ta fitar da gwanaye. Matsalarta ita ce ana miƙa wa yaron sitiyari a mafi munin lokaci. Yakan karɓa cikin duhu, bayan shi ma ya wuni yana ɗawainiya, sau da yawa ba shi da lasisin rukunin G da doka ta tanada don tuƙa tirela, kuma wanda ya kamata ya sa masa ido yana sharar barci. Idan tsautsayi ya faru, kamfanin inshora na iya zame wa, mai mota ya ce bai san zancen ba, a bar direba da yaronsa da jidali.

Saboda haka abin da ke gaban masu motoci da ƙungiyoyin direbobi shi ne ko za su ci gaba da wannan ɓoyayyen tsari, ko kuwa za su fito da shi fili su gyara shi.

Ribar da ke ciki

Riba ta farko ita ce lokaci. Direba ɗaya mai kwana a hanya kamar yadda ya kamata zai ci kwana biyu zuwa uku kafin ya shiga Legas. Biyu masu karɓeɓeniya za su iya rage tafiyar zuwa kwana ɗaya da 'yan awanni idan hanya ta yi kyau.

Ga buhun masara ko gero da aka loda a Dawanau, wannan bambancin bai taka kara ya karya ba. Ga tumatir kuwa shi ne tsakanin riba da karyewar jari. Tumatirin rani da ake nomawa a Kadawa, Kura da Garun Malam da ruwan madatsar Tiga, a kwanduna ake jibga shi, wani kan wani, a motar da ba ta da na'urar sanyaya kaya. Duk awar da ya ƙara cikin rana, na ƙasa yana matsewa yana zubar da ruwa. Kafin a sauke a kasuwar Mile 12, dillali ya riga ya san nawa zai zaftare.

Haka abin yake ga shanun da ake ɗauka daga Wudil ko Maigatari. Dabba tana tsaye a matse, ba ci ba sha, tana ramewa a hanya, wata ma ta faɗi a tattake ta. Gajarta tafiyar tausayi ne ga dabbar, kuma kuɗi ne ga mai ita.

Riba ta biyu ita ce rage dogaro da abubuwan hana barci. Goro da shayi mai kauri tsofaffin abokan direba ne. Amma an daɗe ana kokawa kan yadda wasu suka zarce zuwa gadagi da ƙwayoyi irin su tramadol, har hukumar NDLEA kan kai wayar da kai tashoshin mota. Wa'azi kaɗai ba zai raba mutum da ƙwaya ba muddin an ɗora masa aikin da jiki ba zai iya ba sai da ita. Wanda ya san akwai mai karɓarsa bayan awa huɗu ko biyar ba shi da dalilin neman abin da zai buɗe masa ido na awa 20.

Riba ta uku ita ce rakiya. Idan mota ta lalace a dajin da ke tsakanin Tegina da Mokwa, ɗaya zai tsaya da kaya ɗaya ya tafi neman makanike ko kayan gyara. Idan ciwo ya kama direba farat ɗaya, akwai wanda zai kai motar wurin da ya dace. Shawarar mutum biyu da suka san hanya kuma ta fi ta ɗaya idan aka ji labarin gaba ba lafiya.

Wannan ba baƙon tunani ba ne a Mandawari, unguwar da ake danganta sunanta da ɗaya daga cikin malaman Wangarawa da suka zo Kano daga Mali zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14. Fataken Kano da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba su taɓa ɗora ayari a wuyan mutum ɗaya ba. Akwai madugu mai shugabanci, akwai jagaba mai gano hanya da zango, akwai uban dawaki. Sun san doguwar tafiya rabon aiki take so.

Inda gizo ke saƙa

Babbar matsala ita ce kuɗi. Mai mota yana fama da tsadar man gas, wanda lita ta haura Naira 1,000 tun ƙarshen 2023, ga tayoyi da kayan gyara da ake sayowa da dala, ga kuɗin da ake zubarwa a shingaye. Idan aka ce ya ƙara albashin mutum guda, abu mafi sauƙi a wurinsa shi ne ya raba kuɗin direba ɗaya gida biyu. Direban da ke ciyar da gida da kuɗin sawu ba zai yi maraba da wanda zai raba masa lomarsa ba, kuma yana da gaskiya.

Matsala ta biyu ita ce ingancin barcin kansa. Kwanciya a gadon da ke bayan kujera mota na tafiya ba daidai take da kwanciya a ɗaki ba. Ga ƙarar inji, ga zafi, ga girgiza, ga birki. A hanya mai santsi ma barcin rabi-rabi ne, balle a wuraren da kwalta ta farfashe. Wasu tsofaffin motocin ko gadon ba su da shi, a wasu kuma an mayar da shi ma'ajiyar jarkoki ko wurin zaman fasinja. Direban da ya yi awa biyar yana gyangyaɗi a zaune bai huta ba, an dai canza masa kujera ne.

Ta uku ita ce amana. Wanda zai rufe ido a mota mai ɗauke da tan 30 ya miƙa ransa ga abokin tafiyarsa. Idan bai yarda da hannunsa ba, ba zai yi barci ba. Ga kuma zaman mutum biyu a ɗan ƙaramin wuri kwana da kwanaki, wanda Hausawa suka ce zo mu zauna zo mu saɓa. Wa ke riƙe kuɗin hanya? Wa zai amsa idan mai ya yi gibi, ko aka tarar kaya ba su cika ba? Tsakanin maigida da yaronsa amsar a fili take. Tsakanin direbobi biyu masu lasisi iri ɗaya, sai an zauna an tsara.

Ta huɗu ita ce tsaro. Amfanin direba biyu shi ne mota ta yi ta tafiya dare da rana, amma akwai wuraren da tafiyar dare ganganci ce. Hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta yi shekaru tana fama da 'yan bindiga, har direbobi suka koma tafiya a jere da rana ko bin doguwar hanya. FRSC ma ta daɗe tana gargaɗi kan tafiyar dare. Idan ɗan kasuwa ya ga akwai direba biyu ya matsa lallai a ratsa irin waɗannan wurare da tsakar dare, an jefa gida biyu cikin haɗari maimakon ɗaya.

Ta biyar kuwa, ba kowane jinkiri ne na tuƙi ba. Motar da za ta yi kwanaki a layin shiga Apapa, duk da tsarin kiran motoci ta intanet da Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta ƙaddamar a Fabrairun 2021, ba ta ƙaru da komai ba don tana da direba biyu. Mutum biyu ne kawai za su zauna suna cin kuɗin abinci. Haka motar da ta sauke a Legas ta tsaya jiran lodin dawowa.

Akwai kuma haɗarin da ya fi waɗannan duka: mai mota ya ga tafiya ta gajarta, sai ya ninka yawan sawu. Motar da ke zuwa Legas sau uku a wata ta koma sau shida, direbobin biyu kuma ba wanda ya kwana gidansa. A ƙarshe a samu gajiyayyu biyu a inda da ake da ɗaya.

Yadda wasu suka ɗaure abin

Ƙasashen da tsarin ya zauna da gindinsa ba su bar shi ga son ran mai mota ba. A Amurka, direban babbar mota ba ya wuce awa 11 yana tuƙi, kuma sai ya huta awa 10 a jere kafin ya sake hawa. Tun Disambar 2017 aka wajabta na'urar da ke rubuta awannin tuƙi da kanta, don a daina cika littafi da ƙarya.

A Tarayyar Turai, dokar 2006 ta kayyade awa 9 a rana, da hutun minti 45 bayan kowace awa huɗu da rabi. Idan direbobi biyu ne, dole cikin kowace awa 30 kowannensu ya samu hutun awa 9, kuma sai mota tana tsaye hutun zai shiga lissafi. Wato ko da mutum biyu, akwai lokacin da dole a kashe inji kowa ya kwanta.

Darasin da ke nan shi ne direba na biyu ba ya maye gurbin hutu. Yana rage yawan tsayawa ne kawai. Najeriya ta iya tilasta sanya na'urar kayyade gudu a motocin haya tun Fabrairun 2017. Ƙasar da ta iya sa ido kan gudun mota za ta iya sa ido kan awannin wanda ke tuƙa ta.

Abin da ya dace da Kano

Ba kowace tafiya ce ke buƙatar direba biyu ba. Motar siminti, taki ko hatsi, da wadda ke zuwa Maraɗi, Jos ko Abuja, direba ɗaya ya ishe ta muddin an bar shi ya kwana inda dare ya yi masa, ba a bi shi da kiran waya ana tambayar ina ya kai ba. Inda tsarin ya zama tilas shi ne doguwar tafiyar Kudu da kayan da ba sa jira: tumatir, tattasai, attaruhu da dabbobi.

A irin wannan tafiya, wanda ya fi cin ribar saurin shi ya kamata ya ɗauki kaso mafi girma na kuɗin, wato mai kaya. Ɗan kasuwar da ke asarar kwanduna a kowane sawu saboda jinkiri zai gane cewa ladan direba na biyu bai kai abin da yake zubarwa a bola a Mile 12 ba. Ƙungiyoyin 'yan gwari da na fataken dabbobi sun nuna ƙarfinsu a farkon 2021, lokacin da suka dakatar da kai abinci Kudu na 'yan kwanaki farashi ya yi tashin gwauron zabo a Legas. Masu irin wannan haɗin kai ba zai gagare su zama da ƙungiyar masu motoci ta NARTO da ta direbobi ta NURTW su tsayar da farashin “lodin direba biyu” daban da na kullum ba.

Sannan ba sai an je nesa neman direban na biyu ba, yana nan cikin motar. Yaron da ya shekara biyar ko shida yana bin tirela ya san hanya, ya san inji, kuma maigidansa ya san hannunsa, wanda hakan ya warware matsalar amana. Abin da ya rage masa shi ne horo na ƙa'ida, gwajin ido da lafiya, da lasisi. Gwamnatin Kano da ƙungiyoyin za su iya ɗaukar nauyin wannan ga yaran mota da suka cancanta, a rubuta sunansu a takardar tafiya da ta inshora, a yanka musu lada nasu na kansu. Matashin da ke yawo da sunan karen mota zai zama mai sana'a da takarda a hannu.

Dole kuma a rubuta sharuɗɗa, ko da a takarda ɗaya ce a ofishin tasha. Kada a taɓa kuɗin babban direba. A yi canji kowace awa huɗu zuwa biyar tun da rana, kada a jira sai ido ya rufe. Gadon mota na mai hutu ne, ba na fasinja ba. Wuraren da ba a ratsawa da dare a ambace su da suna. Bayan kowace tafiya da dawowa, direbobin su samu kwanakin hutu a gida kafin a sake loda musu.

Hukumomi ma suna da nasu. Tafa da Mararrabar Jos sun zama zangon tireloli ne don direbobi ba su da wani wurin, shi ya sa suke jera motoci a kafaɗar hanya suna haddasa cunkoso da haɗari. Zango mai katanga, da ruwa, masallaci, makewayi da tsaro, zai amfani mai tafiya shi kaɗai da masu tafiya su biyu. Rage shingayen karɓar kuɗi kuwa zai gajarta tafiyar fiye da yadda ƙarin direba zai yi.

A yanzu dai ana biyan kuɗin barcin direba, sai dai ta mummunar hanya: kayan da suka ruɓe, motocin da suka kife, da marayun da ake bari a unguwanni irin su Mandawari. Ɗan kasuwar da zai loda mota a wannan makon yana iya farawa da tambaya ɗaya kafin ya biya kuɗin lodi: wa zai karɓi direban nan idan ya gaji, kuma yana da lasisi?